Buhun da Hajiya ta ƙi shiga

A da, wanda ya kwana a daji dole ce ta kwantar da shi. Na kwana a kan buzu a hanyar Agadas lokacin da motarmu ta mutu, na kwana a kan gadon igiya a Sudan, na kwana a kan kwali a tashar Kumasi, ban kuma taɓa jin wani ya kira wannan hutawa ba. Mayafi ɗaya shi ne bargo, shi ne matashi. Yanzu kuwa a Kuala Lumpur, mutum yana da ɗaki a hawa na sha huɗu, ga fanka ga famfo, sai ranar Asabar ya ɗaure kaya ya tafi bakin rafi ya kwanta a ƙasa, ya dawo yana ba da labari.

'Yarmu ta fari ce ta kai mu. Tana karatun digiri na uku, suna zaune da mijinta a Pantai Dalam, mu kuma mun je musu wata uku bayan an yi wa matata Hajiya aiki a ciki. Ita ta warke, mu ne muka ƙi yarda. Ko buta ba a barinta ta ɗauka. Duk inda za a je sai a ce, "Umma, ki huta." Ta yi sati biyar ba ta san komai na Malesiya ba sai tagar falo da jirgin ƙasa mai wucewa. Ranar da aka fara maganar kwana a bakin rafi a Hulu Langat tare da maƙwabtansu Malayawa, ta ajiye carbi ta ce har da ita. Surukinmu ya kalle ni, ni na kalli silin. A ƙarshe aka yi sharaɗi: in kwanan ya gagare ta, za a dawo da ita gida, kuma ba sauran maganar fita har mu koma Kano. Ta ce ta ji.

Maƙwabciyar, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Makcik, wato inna, ita ta ara mana kayan kwanciya. Akwai jakar barci, wadda bargo ce da aka ɗinke kamar buhu, da zif a gefe. Akwai kuma wani buhun na siririn yadi da ake sawa a cikinta, don gumi da dattin ƙafa su tsaya a kansa, tunda shi wankinsa ba wuya, jakar kuwa sai ta kwana biyu ba ta bushe ba. A zafin ƙasar nan ma yawanci shi kaɗai ake shiga, a kwanta a kan jakar, ya tsare wa mutum ƙafafu daga cizon ƙwari.

Bayan la'asar, da muka isa aka gama kafa tanti, 'yar ta zaro buhun ta warware. Fari ne fat, daidai tsawon mutum, ƙasansa a ɗinke, bakinsa ta wajen kai.

Hajiya ta daɗe tana kallonsa. Ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta kuma cika yi mata magana kai tsaye ba, saboda haka shekara talatin da wani abu ni ne ɗan aike a tsakaninsu.

"Malam, tambayi yarinyar nan, likita ya gaya mata wani abu ne da ni bai gaya mini ba?"

"Haba Umma, zanin gado ne fa kawai."

"Malam, gaya mata nawa yana Kano a ƙasan akwati. A Makka na saye shi, da zamzam aka wanke shi. Ba sai an aro mini na maƙwabta ba."

Sai a lokacin muka ga abin da take gani. Likkafani ne sak. Surukin ya juya mana baya, kafaɗunsa suna rawa. 'Yar kuwa ba ta yi dariya ba, don ita ce ta yi ta waya daga nan wuni guda ranar da aka shiga da uwar ɗakin tiyata.

Na ga lokaci ya yi da zan taimaka da ilimi.

"Hajiya, ai ko'ina ana amfani da shi. Na gan shi wurin Faransawa masu yawon duwatsu a Nijar. Har suna gare shi a bakinsu."

"Me suke ce masa?"

Da na yi tari na wuce da ya fi. Na ce, "Buhun nama."

"To madalla. Kai ka shiga, ai kai ne mai tsoka."

Ta ce za ta rufa da zaninta. Amma zani buɗewa yake in mutum ya juya, kuma bakin rafin nan akwai wasu ƙananan ƙwari masu cizo kamar an ɗiga barkono. Surukin ya fara laluben makullin mota yana cewa gara a kama hanya kafin duhu. Hajiya kuwa ƙafafunta ba su ma bushe ba daga tsoma su da ta yi a rafin, ta zauna a kan kujera tana kallon ruwan.

Makcik ta ga fuskokinmu ta matso. Malayancina na sayen shayi ne a shagon mamak, wato na Indiyawa Musulmi, na rasa yadda zan yi mata bayani, sai na nuna buhun na faɗi kalmar da Larabci: kafan. Ashe su ma haka suke cewa. Ta rufe baki ta yi istigfari, sannan dariya ta kama ta har ta dafa tanti. Ta sa surukin ya fassara mana cewa shekara da shekaru tana shiga abin nan lafiya lau, yau mun ɓata mata shi.

Ta koma wajen kayanta ta ɗauko zannuwa biyu irin nasu, masu furanni ja da kore. Su zaninsu a ɗinke yake zagaye, shiga cikinsa ake yi. Hajiya ta juya ɗaya a hannu, ta buɗe jakarta ta ciro allura da zare.

"Boleh?" in ji Makcik, wato zai yiwu?

"Bole," in ji Hajiya. Kalmar Malayanci ta farko ke nan da na ji a bakinta.

Ɗaya ta riƙe, ɗaya ta ɗinka. Kafin magariba sun haɗa zannuwan biyu sun toshe ƙasa. Surukin ya mayar da makulli aljihu.

Da gari ya waye na tarar da Hajiya ta riga kowa tashi, ta yi alwala a rafi, tana zuba wa mutane shayi. Farin buhun ni aka bar wa.

"Malam, da asuba na leƙa na gan ka a miƙe fari fat, ko motsi babu. Sai da na taɓa ka."

"Kika ji me?"

"Minshari. Na ce to, da saura."

'Yar ta yi dariya har shayi ya sarƙe ta, uwar ta buga mata baya da kanta.

Tun daga wannan tafiya ba a sake barin Hajiya a gida da sunan hutu ba.