Kusurwar da Iya Ba Ta Girbewa

Ni dillalin tattasai ne a Gashuwa, ban saba barin ƙasa ta zauna banza ba. Amma akwai wata kusurwa a gonata ta Dagona, dab da tabki, da ban taɓa girbe shinkafarta ba. Kakata Iya ce sila.

A shekarun 1980 mu biyu ne kawai a bukkar bakin fadama. Mahaifiyata ta rasu, mahaifina yana dako a tashar jirgin Nguru, sai da sallah muke ganinsa. In sanyi ya shigo, bayan magariba Iya takan hura wuta da karan gero ta ce, "Maigida, matso, ga ta nan tafe." Ni kaɗai nake amsawa.

Tatsuniyar da ta fi yi mini ita ce ta wani manomi da ya gaji da ɓarnar tsuntsaye. Ya rataya gwangwanaye, ya cike tabkin gefen gonarsa, ya sare bishiyar da suke kwana. Rumbunsa ya cika. Sai dai da ruwa ya tafi, dinya da gauraka suka daina sauka, masunta da makiyaya suka sauya hanya. Kullum yana dafa shinkafa, ba mai yi masa sallama.

"Iya, sai ya mutu?"

"Ina fa. Ya daɗe a duniya, abin tausayin ke nan."

Shi ya sa take bar wa tsuntsaye kusurwar. Wata rana wasu Turawa biyu suka zo da madubin hangen nesa, suka wuni suna kallon dinya. Iya ta shimfiɗa musu tabarma, ta kawo fura. Har ta rasu tana ba da labarin baƙinta, tana sa ran wasu za su zo.

Bara abokan kasuwa suka matsa mini in zuƙe ruwan kusurwar da inji, in zuba tattasai. Na san akwai riba, na ƙi. Tun da aka killace dausayin yankin don kare tsuntsaye, mutane na zuwa daga birane su sauka a gonata, su ci gasasshen kifi, su kalli tsuntsaye da asuba. Ba wanda ya taɓa tambayata buhu nawa na noma.

In sun tafi nakan naɗe tabarma in ɗan zauna. Baƙin da Iya ta yi ta jira sun zo, ni kaɗai suka tarar.