Tagar Ammi Abdulghani da Na Toshe

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga Rajab 1446, Allah Ya karɓi ran maƙwabcinmu kuma ubanmu, Ammi Abdulghani, wato Baffa Abdulghani a Larabcin nan, a gidansa da ke Madain Fahd a nan Jidda, yana da shekara saba'in da takwas. Muka sallace shi bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa.

Ammi, a kwana ukun zaman makoki mutane sun faɗi alherinka, kuma ba su ƙara gishiri ba. Shekara arba'in kana aikin gini, daga ɗakunan ajiya na Madinar Masana'antu har manyan gidajen Abhur. Kai da mahaifina kuka ɗora bulon gidanmu. Ranar da ya rasu, ina ɗan shekara sha tara, kai ka riƙe hannuna muka shiga kabarin tare, ka nuna mini yadda zan kwantar da shi. Shekarar da ruwa ya cika layinmu kuwa, kai ka kutsa har ƙugu ka goyo mahaifiyata ka fito da ita. Duk wannan ina sane da shi lokacin da na yi maka abin da zan faɗa, kuma shi ya sa alƙalamin ya yi mini nauyi.

Shekara uku da suka wuce na sayi sabuwar mota, na ƙudura sai na gina mata gareji a filin da ke tsakanin gidana da naka, don kada rana ta cinye fentinta. Muhandis, wato injiniyan gini, ya auna, ya ce wurin ba zai isa ba, sai an ci irtidad, wato tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da maƙwabci. Ya ce zan iya neman sassauci a baladiya, wato hukumar gari, amma zai yi wuya a saurare ni in ba da sa hannun maƙwabcin ba. Gidanka tsohon gini ne, a kan iyaka yake, kuma tagar ɗakinka ta filin nan take shan iska da haske. A zanen da ya yi, rabin mita kaɗai ya rage tsakanin bangon garejin da wannan taga.

Na same ka a ƙofar gida kana shan shayi bayan la'asar. Na miƙa maka takardar, na ce, "Ammi, ɗan gareji ne. Zan bar maka mita ɗaya da rabi, ba abin da zai taɓa tagarka." Ƙarya na yi maka. Na ga idonka ya yi rauni, kuma ba tabarau a kusa da kai. Ka riƙe zanen ka daɗe kana dubansa, sannan ka ce, "Halas, ya waladi, shi ke nan ɗana, ba ni alƙalami. Allah Ya sa albarka a motar." Baladiya ta amince bisa sa hannunka. Cikin wata biyu bango ya tashi har ya wuce saman tagar.

Ba ka taɓa ce mini komai ba. Ni ne ma na fara sauya hanyar zuwa masallaci. Da ciwo ya kwantar da kai bara, sau ɗaya na shiga duba ka. Tsakar rana ce, amma fitila na kunne a ɗakin, ta tagar kuwa ba abin da ake gani sai bulona wanda ko shafe ban yi masa ba ta ɓangarenka. Ka ce a kawo mini gahawa, ka tambayi lafiyar yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Na kasa yin minti goma. Na fita ina ce wa kaina gobe zan dawo in nemi gafara, har wata goma sha ɗaya suka wuce.

Ranar uku, da jama'a suka watse, na tsaya a bakin ƙofa na gaya wa 'yarka Abir cewa na yaudare ka. Sai ta ce, "Yaya Majid, Baba magini ne. Ko da rabin ido yana karanta zane. Da ya shigo ran nan ya ce mana, Majid ya ce mita da rabi, takarda ta ce rabin mita. Na ce to don me ka sa hannu? Ya ce, da na faɗa, da ɗan abokina ya tsaya a gabana a matsayin maƙaryaci, kuma ba zan iya kallon hakan ba. Ya hana kowa a gidan nan ya yi maka maganar."

Na kai takardar neman izinin rushe garejin, kuma na san ba abin da hakan zai amfane ka da shi yanzu. Na rubuta wannan ne don waɗanda suka ga ina karɓar gaisuwa a sahun 'ya'yanka su san wanda suka gaisar.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Abdulghani, Ka gafarta masa, Ka rufa masa asiri ranar hisabi kamar yadda ya rufa wa wanda bai cancanta ba, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Khala Rabi'atu, da 'ya'yansa Abir da Saif, da jikoki baki ɗaya. Allah Ya ba ku haƙuri. Shi ya tafi ban roƙe shi ba, saura ku: don Allah ku yafe mini.