Mai Karanta Min Hanya

Da safen nan Anti Rifkatu ta kira ni daga Birmingham. Mijinta, Yaya Bitrus, ya rasu. Zuciya ce.

Ina gareji a Gorton, nan Manchester, hannuna duk baƙin mai. Na ce mata to, na ajiye wayar, na ƙarasa ɗaure tayar da ke gabana. Har yanzu ban san me ya sa ba.

Ga wanda bai sani ba, shekara shida shi ne co-driver ɗina. Irin tseren motar nan da ake rufe hanyar ƙauye a sake mu ɗaya bayan ɗaya, mu 'yan sha'awa, ba masu cin abinci da shi ba. Ni ke tuƙi, shi yana gefena da littafi yana gaya min abin da ke bayan kwana tun ban gan shi ba.

Direban bas ne. A titin gari ko tsohuwa a kan keke sai ta wuce shi.

A tserenmu na farko da Turanci ya yi karatun, kamar kowa. Ya ce left, na tsaya tunani, muka faɗa shingen wani manomi, tumaki suna kallonmu. Bai yi faɗa ba. Ya cire hular kwano ya ce, "Ishaku, kai in ka tsorata ba ka jin Turanci."

Daga ranar ya koma Hausa. Hagu uku. Dama biyu, kar ka yanke. Tudu, taka. Birki, birki. Ba mu taɓa cin kofi ba, amma ba mu sake shiga gonar kowa ba.

Ranar tsere jirgin ƙasa na farko yake hawowa, da shayi a filas da dambun da Anti ta yi. Sai ya ja belt ɗina da hannunsa ya tabbatar, sannan ya ɗaura nasa.

Bara na so in hau aji na gaba, na masu gudu sosai. 'Yan kulob suka ce sai da ƙwararren co-driver. Na nemi wani Bature na sa sunansa. Ban gaya wa Yaya Bitrus ba, a jerin sunayen da aka saka a intanet ya gani. Rashin mutunci ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi.

Haɗuwarmu ta ƙarshe wata biyu ke nan, a Edgbaston, can Birmingham. Ya fito daga asibiti, ya ce, "Ba komai, likitana, GP, ne ya turo ni check-up." Muka zauna a benci kusa da tashar jirgi, ina jira ya tayar da maganar. Sai ya zaro takarda daga aljihu. Kalmomin Hausa goma sha biyu, kowace da yadda Bature zai furta ta.

"Ka ba mutumin naka ya haddace, it won't take him long. Ranar da abu ya ɓaci, da waɗannan zai kira ka."

Na karɓa na ce na gode. Haƙurin da na je ba shi, da shi na dawo Manchester.

Ranar Alhamis na cike fom na tsere mai zuwa. Na koma ajinmu na da, na rubuta sunansa a gurbin co-driver. Na ce sai Lahadi bayan sujada zan kira shi in faɗa masa, lokacin ya fi samun natsuwa.

Yau Asabar.

Ubangiji ya karɓi bawansa Bitrus, ya ba shi hutawa. Ya ta'azantar da Anti Rifkatu da yaran. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya sa su a addu'a. In da sauran wuri, ya sa da ni.