Doyar da Muka Kai Gidan Baba Soja

Shekaru sun ja, kuma ban cika yarda da ƙwaƙwalwata ba. Mai yiwuwa na cuɗanya wasu ranaku. Amma wata Litinin bayan haƙar doya, ina aji biyar a wata firamare a nan Suleja, ba na jin na manta da ita. An kira ni ofishin hedimasta, na tarar da baƙi biyu riƙe da biro, mataimakin hedimasta yana tsaye bakin taga. Ɗayansu ya ce, "Ke yarinya, kun kai doyar makaranta gidan Malam Bitrus?" Na ce, "Mun kai." Suka rubuta, suka ce in koma aji. Ba wanda ya tambaye ni dalili.

Malam Bitrus, wanda muke kira Baba Soja, ya je yaƙi ya dawo da ɗingishi, ya yi aikin malamin gona na wasu shekaru, sannan ya zo koyar da mu lissafi. Shi ya share filin bayan makaranta, ya sa muka tada kunya layi-layi kamar masu fareti, yana bin mu da igiya yana awo. "Kunyar da ta karkace, mai ita ne ya karkace," haka yake cewa, mu kuwa mu yi ta dariya a ɓoye. Mata mu ɗebo ruwa, maza su kafa sanduna. Lokacin tara, duk wanda ya zo bai karya ba sai ya samu gasasshiyar doya da manja a gindin mangwaro, ba a kuma tambayar ɗan wane ne.

A shekarar nan rufin siton makaranta ya yaye, awakin unguwa suka gano hanya. Shi ya sa muka ɗauki doyar a ka zuwa rumbun Baba Soja, da rana tsaka, muna waƙa. Mataimakin hedimasta ya ga wucewarmu, har ya ce mana sannu. Shi ne kuma, in ban yi kuskure ba, ya kai ƙarar sata. Aka sallami Baba Soja kafin hutu. Ya koma wajen Garam yana noma, bai sake riƙe alli ba.

Yau filin nan shaguna ne, kuma kowa a unguwa ya san mai karɓar hayarsu. Yara na sayen biskit a daidai inda muka gasa doya.

Watan jiya Baba Soja ya rasu. A wurin jana'iza tsohon mataimakin nan ya miƙe da sandarsa, ya ce marigayi "amininsa ne, mutum mai amana". Na zauna, na yi shiru kamar yadda na yi a ofis. Wannan shirun ya ishe ni.

Tsofaffin ɗalibai za su yi taron tunawa da Malam, an ce mutumin zai zauna a kujerar gaba, na kuma roƙi a ba ni minti biyar. Don haka ina roƙon duk wanda ya ɗauki doyar nan tare da ni: in na kauce a rana, ko aji, ko wanda ya kai ƙara, ya aiko mini da gyara. Ina so in karanta wannan takarda ina kallon idonsa, ba tare da ya samu kalma ɗaya da zai ƙaryata ba.