Ɗoɗɗoyar Bature a Gindin Randa

Matso kusa ka ji wani abu. Yanzu tsufa ya sa ina manta abin da na ci jiya, amma wannan kam ba zan manta da shi ba har a kai ni makwancina.

Ina amarya ke nan a Tudun Wada, tun ba a ba mu mulkin kai ba, ana aikin wata gada a hanyar Doguwa. Maigidana shi ne kukun Baturen da ke kula da aikin, mutumin Italiya, wanda duk gari ke kira Mai Gada. Abincinsa kullum taliya ce da miyar tumatir, ba ya gajiya.

Wata rana maigidana ya shigo da wani iri ƙulle a tsumma, baƙi, ƙanana kamar habbatus sauda. Ya ce uwar Bature ce ta aiko daga ƙasarsu, an gwada a bariki ya ƙi, wurin duk tsakuwa ne. "Ki shuka mana a nan, ki kula da shi kamar idonki. In babu ganyen nan, cewa yake miya ba ta yi ba. Kuma ɗanye yake so, ba a shanyawa, ba a dakawa."

Na ce, "Malam, ganyen da ba a shanyawa ba a dakawa, ai abincin akuya ne."

Ya ce, "Ke dai ki iya bakinki."

Na tattaro fasassun tukwane, na cika su da ƙasa da takin tumaki, na shuka irin, na jera a bayan madafa. Ya fito kore shar, ganyensa har sheƙi yake. In na yi masa ban ruwa da safe, gidan duk ya ɗauki ƙamshi, kamar an haɗa ɗoɗɗoya da kanumfari. Har yau in na rufe ido ina jin sa.

To, muna da wata tsohuwa maƙwabciya, Gwaggo muke ce mata, danga ce kawai tsakaninmu. Ta leƙo ta ce, "Amarya, ɗoɗɗoya ce ta yi ƙiba haka? Karyo mini reshe, cikin jikana ya murɗe." Ka sani a garinmu akwai abin da ba a hana maƙwabci: ruwa, garwashin wuta, da ganyen magani. Na karya na miƙa mata. Kafin ka ce me, labari ya zaga. Mai jego ta aiko, mai mura ta aiko, har wata da sauro ya dama.

Maigidana ya lura. Ya ce, "Na ce ki kula da shi, kin mai da shi sadaka? Ran da ganyen nan ya ƙare, aikina ya ƙare." Na ce to. Amma in an aiko, da wane baki zan ce babu, ga shi ƙamshinsa na tona ni?

Ana nan sai aka ce matar Mai Gada za ta iso daga ƙasarsu. Ya yi ta nanata wa maigidana cewa miyar ranar ta zama irin ta gida, don ta yarda ta zauna. Ran da za ta iso, ina ɗaka ina sallar azahar, ashe iska ta ture ƙyauren zaure. Ina fitowa na tarar da awaki suna lashe baki. Tukwane duk sai kututture.

Daidai nan maigidana ya shigo ɗibar ganye. Ya duba, ya zauna a kan turmi, ya cire hula.  Ni kuwa sai salati.

Gwaggo ta leƙo. "Wa ya rasu?"

Na ce, "Ganyen Bature, Gwaggo."

Ta kwashe da dariya. "Wannan mai nacin? Ragowar reshen da kika ba ni na soka a gindin randa, yanzu har hana ni ɗibar ruwa yake." Ta juya ta ƙwala wa maƙwabciyar bayanta kira, ita ma ta kira ta gaba. Ashe duk wadda na bai wa haka ta yi. Kafin la'asar faifai sai shigowa yake ta kan danga, har tabarma ta cika.

Maigidana ya ɗaure a bayan keke, ya tsaya ya ce, "Gwaggo, Allah ya saka da alheri."

Ta ce, "Amin, ɗan nan. Ba kai ne aka ce ka hana mu ba?" Ya sunkuyar da kai ya ja kekensa.

Ya dawo yana ba ni labari, wai matar Bature ta murza ganyen ta shinshina, sai ga hawaye. Ta yarda ta zauna a ƙasarmu, maigidana kuma ya riƙe aikinsa har aka gama gada.

Yau babu Gwaggo, babu maigidana, Allah ya jiƙansu. Dangar ma ta zama katangar bulo, ba mai leƙo wani. Amma ɗoɗɗoyar Bature tana nan a unguwarmu. Abin da na killace akuya ta cinye, abin da na bayar shi ya dawo ya rufa mana asiri.

Kai fa, in awaki suka shiga gidanka yau, a gindin randar wa za ka sami naka?