Kawu Mai Sauraron Sama

Jiya rediyo ta sako ƙarar da tauraron ɗan Adam ya ɗauko can saman duniya, siririn fito kamar na tsuntsaye. Sai na tuna marigayi kawuna. A shekarun fari, shi ke naɗa wa Nasara masu bincike wannan fiton da na'urar sauraro a Damagaram.

Wata rana ina wurinsa, wata tsohuwa daga ƙauyen Dakusa ta shigo da irin gero ƙulle a bakin zane.

"Malam, an ce kana jin sama. In shuka, ko in daka wa jikokina?"

Ya sa mata abin sauraron a kunne. Fuskarta ta washe. "Ruwa ne?"

"Inna, inda nake ji, ko gajimare babu."

Ta fita, ya kasa ɗaga kai.

Kawu, Allah ya saukar wa kabarinka ruwan da ka kasa yi mata albishir da shi.