Bahaguwar Malam Sada

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin goge allo da safen nan ƙanena ya kira ni, wai Malam Sada na Ƙofar Marusa ya rasu. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Shi ya koya mana Fiziks a sakandare, shekarar da soja suka koma bariki.

Ni bahaguwa ce. Tun firamare nake shan rula a bayan hannu, har na koma rubutu da dama, rubutun kamar tonon kaza. Makarantar ma duk ta fita raina.

Ranar darasin maganaɗisu, Malam ya zo da batirin mota, da kwali, da garin ƙarfe da ya roƙo wajen masu walda a Ƙofar Kwaya. Ya soka waya ta tsakiyar kwalin, ya barbaɗa garin ƙarfen a kai, ya jona wayar da batirin, ya ɗan ƙwanƙwasa kwalin. Sai ga garin ya jeru zobe-zobe kewaye da wayar. Aji ya ɗauki salati.

Ya ce mu dunƙule hannun dama: babban yatsa ya bi inda lantarki ya nufa, sauran yatsun su nuna yadda maganaɗisu ke kewaya wayar. Da aka zo gwaji, kowa biro na hannun dama, sai muka riƙa dunƙule hagu, amsa tana juye mana.

Malam ya tsaya a kaina. Ashe ya daɗe da lura.

"Ɗiyata, mai da biron nan hagu, inda Allah ya ajiye shi. Kin ga hannun damanki ya samu sarari."

Ni kaɗai na ci gwajin. Yanzu ni ke koyar da darasin nan.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta kama masa hannun dama. Da na je gaishe shi watan jiya, na iske shi da ƙaramin allo a cinya, alli a hagu, yana ta fama. Bai yi mini kukan ciwo ba. Damuwarsa ɗaya, kada ya tafi bai sake tsayawa gaban aji ba.

"Bahaguwa, yau ke ce malama. Wai yaya kuke riƙe abin nan?"

Na nuna masa. Ya ɗiga ɗigo, ya kewaye shi da zobe a karkace, sai ka ce ƙosai. Muka yi ta dariya. Ya ce in na iso darasin in aika a ɗauko shi, shi ya yi zanen da hagu, ni in ara masa hannun dama.

Alhamis ɗin nan ce fa ranar darasin. Na aro batir, na karɓo garin ƙarfe, ɗalibaina sun san yana tafe, har kujera mun tanada.

Kai, Malam! Ina kewarka ƙwarai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya miƙa maka littafinka a hannun dama.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya ce amin, ya ƙara masa da tasa addu'ar.